Neman Hausar "efijenetik" kafin shirin Juma'a

'YarAboabo: Salamu alaikum. Ran Juma'a ina da shirin lafiya a rediyo nan Kumasi, kan yaran da girmansu ke zuwa da matsala. Wadanci dai na san yadda zan faɗe shi: galibi ƙwayar halitta guda, FGFR3, ke sauyawa, ƙashin hannu da ƙafa ya ƙi tsawo. Efijenetik ne ya ɗaure min kai. A ciwon Beckwith-Wiedemann a haifi jariri ƙato, harshe ya cika masa baki. A Silver-Russell kuwa ɗan mitsitsi, kai kamar ya fi ƙarfin jiki. Sau da yawa duka biyun daga yanki ɗaya suke na kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin halitta) na 11, inda IGF2, ƙwayar halittar da ke sa girma, take. Rubutun DNA na nan yadda yake, alamar da ke kansa ce ta ƙaru ko ta ragu, shi ne efijenetik ɗin. Me zan ce?

MalamAllo: Wasali, 'yata. Baƙi ɗaya ne a allo, wasali bisa ko rufu'a ke juya karatu. "Epi" ɗin nan ma da Girkanci bisa yake nufi. Ki ce wasalin gado, kin gama.

NasAsawase: Malam, a gafarce ni. Alamar nan galibi rufe wa ƙwayar baki take yi, ta fi kama da ɗauri. IGF2 ta wajen uba ce ke aiki, ta uwa a kulle take. Amma abin da ya fi damuna "gado". Yawancin yaran nan ba a taɓa yin irinsu a dangi ba. Ki faɗi gado a rediyo, kafin magariba uwar miji ta ɗora wa dangin matar.

BakanonKejetia: Wasali Larabci ne. A nemo Hausa tsantsa mana. Ko da yake masu cewa "yarinya ya zo" ne za su ƙirƙiro mana kalma?

MalamAllo: Littafi fa? Lafiya fa? Tun kafin a haifi kakanka ake karatun allo a Zongon nan, yaro.

BakanonKejetia: Ni dai na ce lamba. Lambar ƙwaya.

NasAsawase: Sai a ɗauka lambar waya ce.

Kawu_Sabon_Zongo: Kullum sai ɗan Kano ya zo ya yi mana gyaran Hausa, shi da ke aron "love" na Turanci don faɗin so.

'YarAboabo: Don Allah ku bari, Juma'a jibi ce. Zan ce wasalin ƙwayar halitta, na cire gado kamar yadda Yaya Nas ta ce. Ɗaurin zan kawo shi wajen bayani.

MalamAllo: Ya yi tsawo, amma shirinki ne.

BakanonKejetia: Zan bugo waya ran Juma'a in ji ko mutum ɗaya ya gane.