Sauya kafet a daɓen jirgin kamun kifi da murafen ma'ajiyarsa: abin da kowa ya gani

Mai tambaya, daga Nima, Accra, ƙasar Ghana

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Yayana da ke zaune a Amurka ya aiko mini da tsohon jirgin kamun kifi na alminiyom mai tsawon ƙafa 16, wanda ya sauka a tashar Tema shekaru uku da suka wuce, kuma tun daga lokacin yake ajiye a Ada Foah, inda kogin Volta yake zuba a teku. Daɓensa na gaba da na baya a lulluɓe yake da kafet ruwan toka, haka ma murafe biyar na ma'ajiyar da ake sa batir, igiya da sandunan fatsa. Yanzu kafet ɗin ya fara ɓamɓarewa ta gefe, wani wurin ya suɗe har ana ganin baƙar robar bayansa, ga ƙarnin da sabulu ya kasa fitarwa. Ina so in sauya shi da kaina tare da samarina biyu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki da hannunsa, ina roƙon ya gaya mini abin da ya same shi, musamman game da murafen, domin su ne suke ba ni tsoro.

Mai gyaran kujerun mota, daga Magazin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi

Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ata kujerun mota ce, amma sau biyu ana kawo mini jirgi a kan tirela, kuma na farkon shi ne ya koya mini aikin da kunya. Na ɓamɓare tsohon kafet na zubar, na kwance murafen na tara su wuri guda, da na zo mayarwa sai na tarar biyu daga cikinsu da ido girmansu ɗaya, amma ramukan hinjinsu sun bambanta. Tun daga ranar, kafin in kwance komai sai na ɗauki hoto, na rubuta lamba a cikin kowane murfi da kuma bakin ramin da ya fito, sannan na zana kibiya mai nuna goshin jirgi.

Kibiyar tana da wani amfani da ya fi wannan. Gashin kafet yana da wajen da yake kwanciya, kamar gashin akuya. Idan ka shafa shi ta nan ya yi haske, ta can ya yi duhu. A aikina na farko na juya ƙyalle ɗaya don kada in yi asarar ragowa, kuma a cikin shago ban ga komai ba, sai da aka fito da jirgin rana sannan murfin ya fito kamar facin wani yadi dabam. Saboda haka ka juya sabon kafet, ka cika bayansa da kibiyoyin alli masu kallon waje ɗaya kafin reza ta taɓa shi. Kada kuma ka zubar da tsohon, ka cire shi a hankali ya zama maka ma'aunin yanka, ka ƙara inci biyu ko uku a kowane gefe.

Game da murfi, gam nake amfani da shi irin wanda ake shafa wa fuska biyu, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Wannan gam ba ya yafiya, inda ya taɓa nan ya zauna, don haka ina fara manna saman murfin, in murza shi sosai daga tsakiya zuwa gefe, sai in naɗe bakin ɗaya bayan ɗaya in matse da siraran katako da mamatsi har gari ya waye. A kusurwa kada ka ninka, domin ninki biyu ne yake hana murfi rufuwa. Ka yanke ƙyallen da ya yi yawa yadda baki biyu za su haɗu kawai. Ka sayi reza da yawa, domin robar bayan kafet tana dakusar da ita nan da nan, kuma reza mai dakushi tana tsefe zare maimakon ta yanka.

Kafinta, daga Ashaiman

Abin da maigidan Suame ya faɗa duk haka yake, sai dai ni tsorona yana ƙarƙashin kafet ɗin. Na daɗe ina aikin katako a wajen masu jirage a Tema, kuma ban taɓa ɗaga kafet ɗin da ya yi shekaru yana shan ruwa na tarar da filawud ɗin lafiya gaba ɗaya ba. Wani Alhaji ya kira ni in shimfiɗa masa sabo, yana cewa aikin yini ɗaya ne. Da na soka sukurdireba kusa da gindin kujera sai ta shige kamar a cikin burodi. Da muka ɗaga katakon kuma sai muka ga soson da ake cusawa a ƙarƙashin daɓe don kada jirgi ya nutse ya jiƙe sharkaf, wanda shi ne dalilin da ya sa yake kukan jirgin ya yi nauyi yana shan mai. Aikin yini ɗaya ya koma na mako biyu.

Malam, ka taka kowane lungu da dunduniya, ka soka kewayen kowane sukuru. Idan katakon ya mutu, ka nemi filawud na ruwa, ko a Kasuwar Katako ta Accra ko a Tema, ka shafe shi fuska biyu da ruwan faiba, wato ƙaron da ake aikin jirgin faiba da shi, ka fi ba bakinsa muhimmanci domin ta nan ruwa yake shiga. Jirginka na alminiyom ne, don haka ka guji katakon da aka shayar da maganin gara mai ɗauke da jan ƙarfe, saboda idan ya jiƙe yana jingine da alminiyom yana cinye shi har ya huda. Sukuru da ribit su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na alminiyom, tunda ruwan Ada gauraye yake da gishiri, kuma na ga sukurun kasuwa sun zama gari cikin damina ɗaya.

Kankare tsohon gam shi ne aikin da zai cinye ƙarfin samarinka. Mu da faffaɗar wuƙar fenti muka fara, muka jiƙa wuraren da suka ƙi da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, muka ƙarasa da samfefa mai kaushi. Idan aka bar tudun tsohon gam, sabon kafet zai nuna shi kuma daga nan zai fara tashi. Ka fitar da batir da tankin mai kafin a buɗe gwangwanin tina ko na gam, a yi aikin a fili, kada kowa ya kunna taba. Kafin ka huda daɓe ka leƙa ƙarƙashi, domin ni na taɓa huda wayar famfon fitar da ruwa, ban sani ba sai da aka shiga kogi.

Wata Hajiya mai fataucin kifi, daga Mamobi

Ɗana, ni ban riƙe reza ba, amma kuɗina ne aka kashe sau biyu, don haka ina da ta cewa. Ina da ƙaramin jirgin faiba a wajen Akosombo wanda yara suke ɗauko mini karfasa da shi daga masu kejin kiwo. Jirgin da kafet ɗinsa ya zo, na sauya kafet ɗin sau ɗaya, ban kai shekara biyu ba ya koma gidan jiya. Ruwan kifi da ɓawonsa suna shiga cikin gashin, rana ta dafa su, sai ƙuda da wari, kuma duk wankin da za a yi saman kawai ake wankewa. Karo na biyu na ce a kankare shi duka, a yi fenti a barbaɗa yashi mai laushi a kai don hana santsi, a shimfiɗa tabarmar roba wadda ake ɗagawa a wanke a shanya. Masuntan Jamestown da Chorkor da suke kwana a teku cikin kwale-kwalen da aka sassaƙa daga itacen da ake kira wawa, wa ya taɓa ganin kafet a nasu? Na san naka na shaƙatawa ne, ba na neman abinci ba, kuma alminiyom tsirara yana ƙona ƙafa da rana tsaka, wannan kam gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka sau nawa jini da majinar kifi suke zuba a daɓen nan kafin ka kashe kuɗinka.

Wani matashi, daga Madina

Baba, ni kuskurena wajen saye ne. Kawuna ya ba ni aikin jirginsa, na tafi kasuwa na zaɓo kafet na ɗaki mai kauri da taushi, ina ganin na yi abin kai. Matsala ta farko, murafe uku suka ƙi rufuwa, domin ratar da ke tsakanin murfi da bakin raminsa an auna ta ne da kaurin kafet na asali, kuma idan ka lulluɓe murfin ka lulluɓe bakin ramin, ƙarin kaurin ya ninku. Ta biyu, gashinsa irin mai madauki ne, ƙugiya tana shiga ta ƙi fita sai an yanke. Ta uku, bayansa na algarara ne, ya sha ruwa ya yi funfuna cikin wata biyu. Daga baya na gane cewa kafet na jirgi da zaren roba ake yin sa, bayansa ma roba ne, kuma da nauyi ake sayar da shi, oza 16 ko 20 a kowane yadi murabba'i su ne aka fi sa wa irin wannan jirgi. Ka yanki guntun tsohon ka tafi da shi wajen mai sayarwa, idan ka dawo ka naɗa guntun sabon a bakin murfi ka gwada rufewa kafin ka buɗe gam.

Lokaci ma ya cuce ni. A watan Yuni na yi aikin, ana tsakiyar ruwa a Accra. A faffaɗan daɓe na yi amfani da gam mai ruwa wanda ake bajewa da cokali mai haƙora, don yana ba mutum damar gyara zaman kafet, amma saboda laima ya kwana uku bai kama ba, na yi gaggawa na taka, ya yi ƙunzugu. Da a hunturu ne, da ya fi saurin bushewa, sai dai a rufe da tamfol saboda ƙura.

Mai gyaran kujeru, karo na biyu

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki tana kan hanya ga jirgin dako. Amma ga wanda zai tsaya awa biyar yana jefa fatsa, kafet yana kashe ƙarar takun ƙafa a kan alminiyom, wadda masu fatsa suke cewa tana korar kifi a ruwa marar zurfi. Akwai kuma soson roba mai gam a bayansa wanda ake mannawa yanzu, ba ya riƙe ruwa kamar kafet, sai dai yana son daɓe mai sumul ƙwarai, kuma wanda na gani an manna a kan ragowar tsohon gam bai yi wata shida ba ya fara ɗaga kunne.

Mai tambaya, bayan mako bakwai

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jira har Disamba kamar yadda matashin nan na Madina ya nuna. Maganar kafinta ta tabbata, domin daɓen baya ya ruɓe a kewayen kujera, muka sauya shi, amma na gaba lafiyarsa lau, soson ma a bushe yake. Kankare gam kaɗai ya ci mana kwana huɗu. Na raba gardamar Hajiya da maigidan Suame biyu: na sa kafet mai oza 16 a daɓen gaba da murafe huɗu, na bar tsakiyar jirgin, inda muke cire ƙugiya daga bakin kifi, da fenti mai yashi da tabarmar roba, haka ma murfin ma'ajiyar kifi. Duk da lamba da kibiya, murfi na uku ya matse ta wajen hinji, domin ƙaramin ɗana ya ninka kusurwa ɗaya ban lura ba. Na fere ninkin da reza ya koma yana rufuwa, amma sai an danna shi da gwiwa. Maigida na Suame, idan na ɗumama wurin na ɓamɓare kusurwar kaɗai na sake mannawa, zai kama, ko sai na sake lulluɓe murfin gaba ɗaya? Ragowar kafet ɗin da ke hannuna ta isa murfi ɗaya, amma gashinta a karkace zai kwanta.