Tallafin bincike daga rajista zuwa rufe asusu: inda malaman jami'a ke tuntuɓe

Sabon malami, sashen kimiyyar halittu

Assalamu alaikum malamaina. Mu uku ne a sashe ɗaya muke shirin neman tallafin bincike daga ƙasashen waje, kuma wannan ne karon farko. Ɓangaren kimiyyar bai dame mu ba. Abin da ya shige mana duhu shi ne kasafin kuɗi, da rajistar da ake cewa sai jami'a ta yi, da yadda ake riƙon kuɗin idan sun iso. Duk wanda ya san harkar, don Allah ya nuna mana inda aka fi faɗawa rami.

Ma'aikaciya a ofishin kula da bincike

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara riƙe wannan: ba kai ake bai wa kuɗin ba, jami'arka ake bai wa. Kai jagoran bincike ne, amma mai sa hannu a yarjejeniya shi ne jami'in da jami'a ta ɗora wa wannan alhaki. Don haka kafin ka rubuta layi ɗaya, je ofishin bincike ka tambayi ko rajistarsu na raye.

Idan kuɗin gwamnatin Amurka ne, kamar na NIH (hukumar binciken lafiya ta Amurka), dole jami'a ta kasance a SAM.gov, shafin rajista na gwamnatin Amurka, da lambar shaidarta ta UEI mai haruffa da lambobi 12, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a Afrilun 2022.  Bayan nan akwai rajista a Grants.gov, shafin neman tallafin gwamnatin Amurka, da eRA Commons, shafin da NIH ke bibiyar takardun nema. Su kansu NIH suna ba da shawarar a fara da makonni shida ko fiye. Abin da ke jawo jinkiri yawanci ƙarami ne: sunan jami'a ko adireshinta bai zo iri ɗaya a takardu biyu ba. Kuma rajistar SAM shekara ɗaya take yi ta mutu, in ta mutu ranar miƙawa, takardarku ba za ta shiga ba.

Na Tarayyar Turai ya fi sauƙi, lambar shaidar jami'a ce, PIC, mai lambobi 9. Amma ku lura da agogo. NIH ƙarfe biyar na yamma ne agogon inda jami'ar take, Horizon Europe kuwa, shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, ƙarfe biyar ne agogon Brussels. Ku miƙa da kwana biyu a hannu, domin idan manhajar ta gano kuskure sai an gyara an sake turawa kafin wa'adi ya cika.

Farfesa, mai tantance takardun nema

Hajiya ta gama magana kan rajista. Ni ƙarina ɗaya ne, ku karanta sanarwar sau biyu, na biyun da biro a hannu. Takardu da yawa ba sa ma isowa teburin masu tantancewa saboda sharaɗin cancanta: ƙasar da aka yarda, shekarun da suka wuce bayan kammala digiri na uku, ko yawan abokan haɗin gwiwa.

Iyakar shafuka ba ado ba ce. A R01, babban tallafin bincike na NIH, manufofin bincike shafi ɗaya ne, tsarin binciken shafi 12. A Horizon Europe, shafin da ya haura iyaka ɓoye shi ake yi, mai tantancewa ba zai gan shi ba. A yawancin kiraye-kirayensu maki uku ake bayarwa, kowanne daga 0 zuwa 5: ingancin binciken, tasirinsa, da tsarin aiwatarwa. Ana son aƙalla 3 a kowanne da jimillar 10. Malamai kan zuba ƙarfinsu duka a na farko, su rubuta na biyu da na uku a daren ƙarshe, nan makin ke zubewa.

Kuma tun da farawa kuke yi, ban ga laifin ku shiga a matsayin abokan haɗin gwiwa ba, ko ku nemi ƙaramin tallafi irin na TWAS, cibiyar bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa da ke Trieste a Italiya, wanda ke sayen kayan ɗakin gwaji. Mai ba da babban kuɗi yana son ya ga kun taɓa riƙe ƙarami kun rufe shi lafiya.

Akantan tallafi

Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Bari in tsaya a kasafi, don kusan duk rigimar da ake yi a shekara ta biyu da ta uku a nan aka shuka ta.

Kuɗin kashi biyu ne. Akwai na aikin kai tsaye: albashin ma'aikatan binciken, kayan gwaji, na'urori, tafiye-tafiye. Akwai kuma kuɗin ɗawainiyar jami'a, wato wuta, ruwa, gini, laburare da ma'aikatan ofis. Kowane mai bayarwa da nasa kason. Horizon Europe kashi 25 cikin ɗari ne na kuɗin aikin kai tsaye, ban da abin da aka bayar kwangila a waje. NIH kashi 8 take bai wa jami'o'in da ba na Amurka ba. Gidauniyar Gates ba ta wuce kashi 15 ga jami'o'in wajen Amurka. UKRI, hukumar tallafin bincike ta Birtaniya, kuma salonta daban, kashi 80 na cikakken kuɗin aikin take biyan jami'o'insu, jami'a ta cike sauran.

Ga kuskuren lissafin da nake yawan gyarawa. A ce iyakar tallafi 100,000 ce har da ɗawainiya ta kashi 25. Sai malami ya cire 25,000 ya ce saura 75,000 na aiki. Ba haka ba ne. Kason a kan kuɗin aikin ake ɗora shi, don haka raba 100,000 da 1.25 za ka yi, ka sami 80,000 na aiki, 20,000 na ɗawainiya. Ya yi wa kansa asarar 5,000 a banza.

Sai abubuwan da ake mantawa. An rubuta farashin na'ura, an manta kuɗin jigila, da na kwastan, da na injiniyan da zai girka ta, da kwangilar gyara. An manta kuɗin wallafa maƙala, da cajin banki, da kuɗin odita idan yarjejeniya ta buƙata. An sa albashin shekara ta uku daidai da na farko, alhali za a yi ƙarin girma. Duk abin da babu shi a kasafi, daga baya roƙo ne, kuma ba kullum ake amsawa ba.

Canjin kuɗi ma wani tarko ne. Ku yi kasafi da kuɗin mai bayarwa, ku rubuta farashin canjin da kuka yi amfani da shi da ranarsa. A Horizon Europe asarar canji ba ta cikin abin da ake biya, jami'a ce ke haɗiye ta.

Sabon malami

Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe. To idan aiki ya fara aka ga kuɗin tafiya sun yi yawa, na kayan gwaji sun gaza, za mu iya juyawa?

Akantan tallafi

Ya danganta da yarjejeniyarku, ba da al'adar ofis ba. Horizon Europe ta yarda a matsar da kuɗi tsakanin rukunai muddin aikin da aka yi alkawari bai canza ba. Wasu gidauniyoyin sukan sa iyaka, da yawa kashi 10, abin da ya haura sai da izini. Sauya manufar bincike, ko sauya jagora, wannan kam ko'ina sai an tambaya tukuna. Kuma izinin ya zama a rubuce. Amincewar da aka yi ta waya, ranar da odita ya zo babu wanda zai tuna da ita.

Dakta, sashen lafiyar al'umma

Ni ban cika yarda cewa kasafi ne kaɗai uwar matsala ba, Malam akanta. Ga mai aiki da mutane ko dabbobi, amincewar kwamitin ɗa'a, mai duba ko binciken zai cutar da su, ita ce ke cinye watannin farko. Ba a taɓa mutum ɗaya kafin ta fito, agogon tallafin kuwa yana tafiya, albashi yana fita. Ku shirya takardar kwamitin tun kuna jiran sakamako, har da takardar neman yardar mahalarta a harshen da suke ji. Idan kun canza tambayoyi ko yawan mahalarta, sai kun koma kwamitin.

Tsarin adana bayanai ma ya zama dole. NIH tana neman sa tare da takardar nema tun Janairun 2023, Horizon Europe kuma cikin watanni shida na farko. Idan akwai abokan aiki a wata jami'a, a sa hannu kan wanda ke da bayanan, da tsarin jera sunaye a maƙala, da lokacin sakin kuɗi, kafin kuɗin su shigo. Bayan sun shigo kowa bakinsa ya yi nauyi.

Odita

Malam, mu ba ma tambayar ko binciken ya yi kyau. Tambayoyinmu huɗu ne: an kashe a cikin wa'adin tallafin, yana cikin abin da aka yarda, aikin ne ya ci, kuma ina takarda?

Inda aka fi mayar da kuɗi shi ne albashi. A Horizon Europe, raba kuɗin ma'aikaci na shekara ake yi da kwana 215, a ninka da kwanakin da ya yi wa aikin, kuma kwanakin sai da shaidar da aka sa wa hannu wata-wata. Takardun wata goma sha biyu da aka cike rana ɗaya da biro ɗaya, daga nesa ake gane su. Mutum ɗaya kuma ba zai sayar da lokacinsa fiye da ɗari bisa ɗari ga tallafi uku ba.

Tafiya tana buƙatar takardar gayyata, tikiti, da katin shiga jirgi. Da kuɗin gwamnatin Amurka akwai dokar da ta ce a hau jirgin kamfanin Amurka, sai in an cika sharaɗin togaciya an kuma ajiye hujja. Sayen babbar na'ura ana saura wata ɗaya a rufe yana jawo tambaya, don da wuya a nuna aikin ya amfana da ita.

Idan lokaci ya ƙure da sauran aiki, ku nemi ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, kafin ranar rufewa. NIH kan ba da har wata 12 a karon farko, amma dalilin ya zama aiki ne bai ƙare ba, ba don kuɗi sun rage ba. Rahoton ƙarshe kwana 120 ne a NIH, kwana 60 a Horizon Europe. Takardu kuma a ajiye su shekara uku ga na Amurka, shekara biyar bayan biyan ƙarshe ga na Turai. Ku ɗauki hoton kowane rasit ranar da aka karɓe shi, don na injin kanti kan goge tun kafin mu zo.