Neman shawara: kwana biyu a Cape Coast da Elmina tare da yara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Biki zai kai mu Akra, kuma maigida yana son mu wuce da yara Cape Coast da Elmina su ga teku da tsofaffin gidajen bayi. Kwana biyu muke da su. Ta ina za mu fara, kuma yara za su iya shiga ruwa?

Baban Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku kama mota a tashar Kaneshie bayan sallar asuba. Kusan kilomita 150 ne, tafiyar awa uku, amma in rana ta fito muku a Akra cunkoson Kasoa zai ci muku lokaci sosai. Ku sauka Cape Coast ku kwana can, washegari ku shiga tasi zuwa Elmina, bai kai rabin awa ba. Masallaci da abincin halal suna wajen kasuwar Kotokuraba da ke Cape Coast.

Malama Hadiza: Maganar ruwa ita ce babba, 'yar uwa. Tekun wajen nan yana da ja. Igiyar ruwa tana dukan duwatsu, sai ta koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfi. Wurin da kika ga ya lafa a tsakanin kumfa biyu, sau da yawa nan ne hanyar, kuma nan yara ke so. Kada ruwa ya wuce gwiwar yaro, babba na riƙe da hannunsa. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga jan. Duwatsun ƙasan ganuwar Cape Coast kuwa, wato tsohon gidan bayin, suna da gansakuka, santsi ne da su, kada a hau ɗaukar hoto. In dai don wasan yashi ne, gaɓar tekun Brenu da ke bayan Elmina ta fi fili.

Kawu Danlami: Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637. Daga kan tudun da ke fuskantarta suka harba mata igwa, shi ya sa suka gina ƙaramar ganuwar St. Jago a can. Ku hau shi da safe kafin rana ta yi zafi, da takalmi mai kama ƙasa, daga sama za ku ga jiragen masunta cike da bakin tafkin Benya. Kurkukun ƙasa na ganuwar Elmina akwai duhu da zafi da ƙarancin iska, yaro ƙarami ya tsaya waje da wani babba.

Baban Zango: Ƙari kaɗan, Hajiya: masunta ba sa fita teku ranar Talata, in kuna son ganin ana sauke kifi ku zaɓi wata rana. A nemi izini kafin a ɗauki hotonsu. Ku riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu na kuɗin shiga gidajen bayin, na baƙi ya fi na 'yan ƙasa. Mayu da Yuni ruwan sama ya fi yawa.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri. Za mu sa tafiyar Laraba da Alhamis in sha Allah.