Endometiriyosis: ni dai na tsaya a kan "gyauron mahaifa"

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar zan yi wa matan islamiyyar unguwarmu bayani kan bitamin D da cutar da likitoci ke kira endometiriyosis. Tun jiya nake fama, sunan ya ƙi zama a baki. Ƙanwata, wadda ta shekara shida tana murƙususu duk wata kafin a gano ita ce ke damunta, har yau "wannan abin" take ce mata. Shi ya sa na shigo muhawarar da ake yi a nan kan sunan Hausa da za a ba cutar, inda wata Hajiya ungozoma da wani Malam suka riga suka kawo nasu.

Ga yadda cutar take. Akwai shimfiɗa a cikin mahaifa, tana kauri duk wata, idan ciki bai shiga ba ta zube, shi ne jinin al'ada. To wani nama mai kama da wannan shimfiɗa sai ya tsiro a waje: a kan ma'ajiyar ƙwai, ko hanyar ƙwai, ko jikin hanji da mafitsara. Lokacin al'ada shi ma ya kumbura ya yi jini, amma jinin ba shi da mafita. Daga nan sai kumburi, tabo, kayan ciki su manne da juna, wata ma haihuwa ta yi mata wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita, kusan mata miliyan 190.

Hajiya ungozoma, kin ce mu bar shi a "ciwon mara mai tsanani". Allah ya saka da alheri, amma nan na saɓa miki. Ciwon mara alama ce, ba sunan cuta ba. Wannan sunan ne ma ya sa aka yi ta ɗirka wa ƙanwata maganin sanyi, ana cewa ta yi haƙuri, in ta yi aure ta haihu zai wuce. "Ƙarin mahaifa" kuwa masu faibiroid, wato ƙullutun da ke fitowa a jikin mahaifa, sun riga mu.

Malam, "ɓatacciyar shimfiɗa" da ka kawo ta yi kusa ƙwarai. Sai dai shimfiɗa irin ta ɗaki ba ta girma, wannan kuwa rayayye ne, yana tsiro.

Tsiron nan ne ya kai ni gona. Duk wanda ya tashi a karkara ya san gyauro: ƙwayar gero ko dawa da ta zube lokacin girbi, ruwa na sauka ta fito da kanta a bakin hanya ko gindin rumbu, inda ba wanda ya shuka ta. Kamanninta na uwar ne, wurin ne ba nata ba. Kuma ka cire bana, baɗi ka sake gani, kamar yadda cutar kan dawo wa wasu bayan tiyata. Har bayanin likitan Amurka John Sampson na 1927 ya hau daidai: ya ce wani ɓangare na jinin al'ada kan koma baya ta hanyar ƙwai ya zuba cikin mara, ya bar iri a can. Gyauron mahaifa ke nan. Tsohuwa ta ji sau ɗaya ta gane.

Bitamin D kuwa kada mu taɓa shi. An ba da shawarar "sinadarin hantsi" tunda fata ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Suna ne mai daɗi, amma matar da ta je kemis ko ɗakin gwajin jini, abin da ke rubuce a takarda za ta faɗa.

Inda na fi jin tsoro shi ne kalmar da za mu sa tsakanin bitamin D da cutar. A ce "alaƙa", kada a ce "sanadi". Binciken da aka fitar a Amurka a 2013, kan ma'aikatan jinya mata sama da 70,000, ya nuna waɗanda aka ƙiyasta sun fi yawan bitamin D sun fi ƙarancin kamuwa da cutar. Akwai hankali a ciki, don bitamin D na da hannu wajen daidaita garkuwar jiki da kwantar da kumburi. Amma da aka gwada ba 'yan mata masu cutar ƙwayoyinsa a Boston, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna sauƙin da suka samu bai wuce na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Idan muka ce "sanadi", gobe za a fara tallarsa a mota da lasifika a matsayin maganin haihuwa.

Abin da zan ce musu ranar Asabar: wadda ba ta cika fita ba ta riƙa shan rana a tsakar gida, ta ci kifi da gwaiduwar ƙwai. Wadda ciwon al'ada ke hana ta tashi, ta je wurin likitan mata ta ce a duba mata gyauron mahaifa.

'Yan'uwa na Damagaram da Sakkwato, idan gyauro na da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata wannan, ku sanar da ni kafin Juma'a.