Ina da ADHD kuma na kasa hutawa ba tare da jin na yi laifi ba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da ADHD, wato lalurar ƙwaƙwalwa mai sa rashin tattara hankali ko yawan ƙiriniya, sai da na girma har na haihu sannan likita ya tabbatar min. Ga aikin ofis, ga yara, ga gida, kuma duk wanda ya roƙe ni abu bakina ba ya iya cewa a'a. Ranar da babu aiki nakan kwanta da niyyar hutawa, amma idona na kan wankin da ban ninke ba, kaina kuma na ta lissafo saƙonnin da ban amsa ba. Ina kwance da waya a hannu, ban yi barci ba, ban yi aikin ba, in tashi na fi ɗazu gajiya. Abin da ya fi ci min rai shi ne muryar nan da ke ce min, "Me kika yi da har za ki huta?" Wadda ta taɓa shiga wannan hali, ya kika yi?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma haka nake, kuma na daɗe a ciki. Kwanciyar nan da kike yi ba hutu ba ce, ba lalaci ba ce. ADHD na taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai tsara aiki da fara shi, shi ya sa za ki ga kin san abin yi sarai amma jiki ya ƙi tashi. Mu mata sau da yawa nau'in rashin tattara hankali ne da mu, ba na ƙiriniya ba, don haka ba a lura da wuri. Muka taso ana ce mana masu mantuwa, masu sakaci, mu kuma muka riƙa ninka ƙoƙari don kada a gane. Wannan ɓoyon kaɗai aiki ne mai cin ƙarfi.

Kin mai da hutu kamar albashi, sai an gama aiki a biya ki. To aikin gida yaushe ya taɓa ƙarewa? Ni yanzu lokacin hutuna a rubuce yake a kalanda, da ƙararrawa a waya, ko na gama ko ban gama ba. Kafin in zauna sai in ɗauki takarda in zube duk abin da ke yawo a kaina. Da na ga an rubuta, tsoron mantuwa ya ragu.

Tauraruwa:
Ni fa Yaya, kwanciya shiru ba ta yi min ko da na tsara ta. Kaina ƙara gudu yake. Hutuna shi ne in fita in taka ni kaɗai, ko in zauna ina saƙa da wani abu a kunne. Wayar ce ba na yarda da ita, nakan bar ta a wani ɗaki. Batun a'a kuma, na koyi cewa "bari in duba, zan faɗa miki gobe." Kafin goben na san ko zan iya.

Ummu Yasmin:
'Yar uwa ki lura da kwanakin da ke gab da al'adarki. Sinadarin jikin mace da ake kira istirojin na sauka a lokacin, kuma mata da yawa masu ADHD sun fi jin alamomin a makon. Ki rage wa kanki kaya a ranakun. Barci ma ki kula, babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, mu kuwa barcinmu kan yi jinkirin zuwa da dare. In gajiyar ta zo da yawan kuka ko fita sha'awar komai, don Allah ki gaya wa likitanki, domin ciwon damuwa kan haɗu da ADHD.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Babba, da kika fara ware lokacin nan, ya kika yi wa mutanen gida bayani? Nan ne na fi jin nauyi.