Yaran Fim da Yaran Gani: Muhawara a Zauren 'Yan Sumaila

Baban Ummi: Salamu alaikum. Jiya aka tura min wani fim a shagon caji, ya tsaya min a rai. Yaro Musulmi da yaro Kirista suna abota, iyaye suna raba su. Amma kullum yaron Kiristan daga Sabon Gari ake ɗauko shi, Hausarsa a karye. Mu nan garin Gani na Sumaila fa? Da 'ya'yan Maguzawa muka yi kiwon awaki, muka yi langa a dandali. Da Sallah su ci tuwonmu, da Kirsimeti a aiko mana shinkafa. Ban taɓa ganin wannan a Kannywood ba.

Inna Ladi: Yaya, gyara maganarka. Kakana ne Bamaguje. Mu Hausawa ne Kiristoci, cocin ECWA muke zuwa, kuma tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Ɗan Liman: Inna, ai ba zagi ba ne. Malamai sun ce daga Majusu kalmar ta fito.

Inna Ladi: To kai ake kira da ita? A firamare da ita ake tsokanar jikokina har su yi kuka.

Ɗan Liman: Yara ba su da laifi. Hadisi ne a Bukhari, kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Manya ke koya musu.

Na Gwaram: Mu a Jigawa ba ma wannan rigimar. Ku Kanawa kun cika ɗaukar zafi.

Sarkin Samari: Kai da sai 1991 aka yanke ku daga Kano? Wa ma ya saka ka a zauren nan?

Na Gwaram: Uwata 'yar Sumaila ce, tambayi babanka.

Baban Ummi: Jama'a, maganar fim fa na kawo.

Sarkin Samari: Hukumar tace finafinai ta Kano tana nan tun 2001, kai mata ƙara.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: Ɗan Liman ya kawo hujja, kalmar ba zagi ba ce, kuma da ita muka taso. Inna Ladi ta yi haƙuri. Na Gwaram ya janye maganarsa kafin Isha'i.

Inna Ladi: Ranka ya daɗe, ban ce na haƙura ba. Gobe bayan cin kasuwa zan zo gidanka da jikokin, ka ji daga bakinsu.