Pano namu ko na Shinuwa? Gardamar da ta tashi a guruf ɗin ƴan Damagaram

Moutari Zango: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, da gwamnati za ta hana shigo da pano, faifan nan mai ba da wuta da hasken rana, na Shinuwa ƴan ƙasar Sin, shekara biyar ta yi yawa mu fara ƙera namu nan Damagaram. Rana gare mu har ta yi mana yawa, rairayi kuwa daga Tanut har Agadas, kuma an ce da shi ake yi, to me ya rage?

Injiniya Laouali: Wa alaikumus salam. Ƙanena ba rairayin Tanut ba ne. Farin dutse ne mai tsabta ake narkewa cikin tanda mai zafin kusan digiri 2000 a fidda silisiyom, a sake tace shi, a yi curi, a yanka shi siriri kamar takarda, sannan a yi selil, ƴan murabba'an nan da kake gani jere ƙarƙashin gilashi. Kowane mataki masana'antarsa daban kuma wutar lantarki yake sha dare da rana. Ka manta watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke mana layin wuta, firigo ma kasa sanyaya ruwa ya yi balle tanda. Sama da kashi 80 cikin 100 na duk matakan nan a ƙasar Sin ake yin su.

Moutari Zango: Yaya, haka aka ce kafin a gina matatar mai ta SORAZ, ga ta nan tun 2011 tana tace ganga 20,000 a rana.

Injiniya Laouali: Ɗanyen man namu ne daga Agadem, mai saye kuma yana layi a bakin ƙofa. Sannan kashi 60 na matatar na wa? Na Shinuwan da kake son kora ne.

Elhaji Sani na Dolé: Ku bari ɗan kasuwa ya sa baki. Tunda aka rufe hanyar Kwatano kaya sai ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja, kamyo ya yi sati da sati yana jiran ayari, shi ya sa nawa ta Kano nake ɗauko su. Ko a hakan tafiyar da ta wuce na buɗe kwali na tarar da biyu gilashin ya yi tsagar gizo-gizo, direba na ta rantsuwa wai bai faɗa rami ba, asarar tawa ce. To kai da za ka kawo selil daban, gilashi daban, alminiyom daban, kowanne da kuɗin mota da duwan ɗinsa, ka haɗa a nan ka sayar ƙasa da wanda ya zo a gama? Moutari ɗana, ciniki ba a yin shi da kishin ƙasa kaɗai.

Malam Issoufou Birni: Elhaji a yi wa yaron nan adalci. Ku yara ba ku san ONERSOL ba, hukumar makamashin rana ta ƙasarmu, tun 1965 aka kafa ta, Farfesa Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ya shugabance ta, suna ƙera tankin ɗuma ruwa da rana. Mu muka saki. Ga Burkina nan, Faso Energy tana haɗa pano a Wagadugu tun 2020, su ma ba teku gare su ba.

Injiniya Laouali: Allah ya ƙara girma Malam, gaskiya ne, amma haɗawa suke, selil daga waje yake zuwa. Jamus da kuɗinta kamfanonin panonta suka karye, Q-Cells a 2012, SolarWorld a 2017, araha ta kashe su. Indiya ta ɗora harajin kashi 40 kan pano na waje a 2022 amma ita mutum sama da biliyan ɗaya gare ta da za su saya. Tankin ruwan zafi kuwa na yarda, ƙarfe ne da gilashi da walda, wannan hannunmu ya kai.

Moutari Zango: Wato mu zauna muna saye har abada kenan. Ban yarda ba, Shinuwan ma ai da rarrafe suka fara.

Hajiya Mariama: Ni ku yi mini afuwa, duk wanda ke cewa a hana shigowa bai taɓa ban ruwa da fetur ba. Lambuna a Gidimuni pano huɗu ne ke jan fanfo, in suka yi tsada mu za mu koma jarka. Kuma pano bai taɓa ba ni ciwon kai ba, goge ƙura ne kawai da hunturu. Ƙaramin akwatin nan da ke tsakanin pano da fanfo ne ya ƙone, sati uku ina jiran a kawo wani daga Kano, kabejina duk ya yi yaushi, kaf garin nan na rasa mai buɗe shi ya gyara. Injiniya kai ko wani yaronka ba ya iyawa?

Injiniya Laouali: Hajiya kada ki yar da tsohon. Ki turo min hoton cikinsa, in Elhaji zai ba da aron sabo in gwada su.

Elhaji Sani na Dolé: Aro da sharaɗi, ranar Alhamis ya dawo shago kafin kasuwa ta cika.